A Wane Lokaci na Shekara Aka Haifi Yesu? Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, teloli suka cika da ɗinkin Kirsimeti, sai tambayar nan ta sake tasowa. Yara suna yin ta a makarantar Lahadi, iyaye mata suna yin ta a zumunta, maƙwabtanmu Musulmi ma suna yi mana ita: wai da gaske ne a watan Disamba aka haifi Yesu Almasihu? Na tara tambayoyin da na fi ji, na amsa su bisa ga abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna da abin da tarihin Ikkilisiya ya adana.

Littafi Mai Tsarki ya faɗi ranar ko watan da aka haife shi?

Bai faɗa ba. Cikin Bisharu huɗu, Matiyu da Luka ne kaɗai suka kawo labarin haihuwar. Markus ya soma ne daga wa'azin Yahaya Mai Baftisma a bakin Kogin Urdun, Yohanna kuwa ya soma daga Kalman da yake tun fil azal. Matiyu ya faɗi garin, Baitalami ta Yahudiya, ya faɗi sarkin zamanin, Hirudus. Luka ya ƙara da sunan Kaisar Augustas da na Kiriniyus mai mulkin Suriya, ya kuma nuna cewa da dare ne albishir ya isa wurin makiyaya. Rana da wata kam, babu wanda ya taɓo su.

Ku dubi yadda suka yi da mutuwarsa. Dukansu huɗun sun ɗaure ta da Idin Ƙetarewa, a watan Nisan na Yahudawa, wajen Maris ko Afrilu, ranar jajiberin Asabar. Ashe sun san yadda ake sa wa al'amari lokaci idan suna so. Haka Kiristocin farko suka bi sawunsu: tun ƙarni na 2 suna ta muhawara a kan ranar da ta dace a tuna da mutuwarsa da tashinsa, amma bikin haihuwarsa bai kafu ba sai a ƙarni na 4. Abin da ya rage mana a nassi alamu ne, kuma alamu ne za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Yaya yanayin Baitalami yake a watan Disamba?

A nan ne mu mutanen ƙasar Hausa muke yawan kuskure ba da saninmu ba. A wurinmu Disamba rani ne: sanyi, ƙura, hazo, ba ɗigon ruwa ko ɗaya. A Yahudiya kuwa sanyi da ruwan sama tare suke zuwa. Daminarsu ita ce hunturunsu. Ruwan fari yakan sauka wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya yi ƙarfi a Disamba da Janairu da Fabrairu, sannan ruwan ƙarshe ya zo wajen Maris zuwa Afrilu. Daga nan sai sama ta ɗauke har kusan wata biyar. Ruwan fari da na ƙarshen nan su ne ake ambata a Kubawar Shari'a 11:14 da Yowel 2:23.

Baitalami tana kan tudu, sama da mita 700 bisa teku, kimanin kilomita 10 kudu da Urushalima. Dararen hunturunta na da sanyi, wasu shekarun har dusar ƙanƙara ta sauka, kamar yadda ta rufe Urushalima a Disambar 2013. Nassi ma ya shaida wannan. A Ezra 10:9-13, jama'a sun taru a filin Haikali ran 20 ga wata na tara, wanda yake faɗuwa tsakanin Nuwamba da Disamba, suna rawar ɗari saboda ruwan sama, har suka ce wa Ezra ba za su iya tsayuwa a waje ba. A Irmiya 36:22, a wata na tara ɗin nan ne sarki Yehoyakim yake zaune a ɗakinsa na hunturu, ga wuta a kasko a gabansa. Yesu da kansa, da yake faɗakar da almajiransa kan ƙuncin da zai zo, ya ce su yi addu'a kada gudunsu ya faɗo a wannan lokaci na shekara. Wannan yana a Matiyu 24:20.

To, makiyayan da suke kwana a fili ba su isa hujja ba cewa ba Disamba ba ne?

Wannan ce hujjar da kowa ya fi sani, kuma tana da nauyi. Luka 2:8 ya ce akwai makiyaya a yankin, suna zaune a fili, suna tsaron garkensu da dare. Kalmar Helenancin da Luka ya yi amfani da ita tana nufin mutanen da filin ya zama musu wurin zama, can suke yini, can suke kwana. Littafin Talmud na Yahudawa ya yi maganar dabbobin da ake fitarwa jeji wajen Idin Ƙetarewa, a dawo da su gida idan ruwan fari ya sauka. In aka bi wannan al'ada, daren makiyayan nan yana tsakanin Afrilu da Oktoba.

Akwai wani abin da duk wanda ya tashi a karkara zai gane nan take. Baitalami garin noma ne, garin gonar Bo'aza inda Rut ta yi kala. Sha'ir ake girbewa wajen Afrilu, alkama wajen Mayu zuwa Yuni. Muddin amfani yana gona, ba mai barin tumaki su matso. Bayan girbi ne ake sakin su su ci tushiya su bar taki, daidai da yadda Fulani suke shiga gonakinmu da shanu bayan an kwashe dawa. Idan makiyayan nan a gonakin da ke kewaye da garin suke, to lokacin ya fi kama da ƙarshen rani a can, daga Yuli zuwa Oktoba.

Amma gaskiya ta wajaba a faɗi ɗaya ɓangaren. A wurin nan na Talmud ɗin, wani malamin ya yi maganar garkunan da ba sa shigowa gari sam, rani da damina. Littafin Mishna, wanda ya tattara dokokin malaman Yahudawa, kuma ya ambaci dabbobin da ake samu tsakanin Urushalima da Migdal Eder, wato Hasumiyar Garke, wadda Farawa 35:21 da Mika 4:8 suka ambata, kuma al'ada ta sa ta kusa da Baitalami. Irin waɗannan dabbobi ana ɗaukarsu na hadaya ne, Haikali kuwa ba ya hutu: kowace safiya ɗan rago, kowane maraice ɗan rago, duk shekara. Ban da haka, gabas da Baitalami ƙasa tana gangarawa zuwa jeji da Tekun Gishiri, ɗumi yana ƙaruwa, ga kogwanni da makiyaya suke fakewa a ciki. Ciyawa ma sai bayan ruwa take tsirowa a can, kuma tumakin ƙasar sun fi haihuwa a hunturu. Yakubu ya ce wa Laban zafin rana ya cinye shi, sanyin dare ma haka, barci ya ƙaurace wa idonsa. Ku duba Farawa 31:40. Makiyayi ba ya barin garke don sanyi.

Saboda haka ayar nan ta Luka tana karkata zuwa lokacin rani na can, amma ba ta rufe wa Disamba ƙofa gaba ɗaya ba.

Ana cewa za a iya lissafo watan daga hidimar Zakariya a Haikali. Yaya lissafin yake?

Wannan ita ce alamar da na fi jin daɗin bi, domin zarenta daga cikin nassi ya fara. Luka 1:5 ya ce Zakariya, mahaifin Yahaya Mai Baftisma, firist ne na ƙungiyar Abaija. A 1 Tarihi sura 24, an raba firistoci ƙungiya 24, kuri'a ta takwas ta faɗa kan Abaija. Kowace ƙungiya tana hidimar mako guda, daga Asabar zuwa Asabar, sau biyu a shekara, a manyan idodi kuma dukansu sukan taru. Zakariya yana cikin hidimarsa, yana ƙona turare, mala'ika Jibra'ilu ya bayyana gare shi. Da kwanakin hidimar suka cika ya koma gida, matarsa Alisabatu ta yi ciki. A watanta na shida aka aiko Jibra'ilu wurin Maryamu a Nazarat. Ke nan daga hidimar Zakariya zuwa haihuwar Yesu akwai kimanin wata 15: shida na Alisabatu, tara na Maryamu.

Idan juyin ƙungiyoyin yana farawa ne daga watan Nisan, wajen Maris ko Afrilu, aka kuma sa makonnin Idin Ƙetarewa da Fentikos a lissafi, makon Abaija zai faɗo wajen Yuni. Alisabatu ta yi ciki a Yuni, Maryamu a Disamba, a haifi Yahaya wajen Maris, a haifi Yesu wajen Satumba ko farkon Oktoba. Wannan shi ne lissafin da masu cewa Satumba suke riƙe da shi.

Matsalar tana cikin kalmar nan "idan". Luka bai faɗa mana ko hidimar farko ce ta shekara ko ta biyu ba. In ta biyu ce, sai komai ya gusa da wata shida, haihuwar ta faɗo wajen Maris ko Afrilu. Haka nan, nassi bai ce juyin yana komawa farko kowace shekara ba. Wasu masana sun kama wani zaren dabam: Talmud ya ce ƙungiyar Yehoyarib, ta farko a jeri, ita ce take bakin aiki ranar da aka rushe Haikali, ran 9 ga watan Ab, wanda ga Haikali na biyu ya faɗo a shekara ta 70 Miladiyya. Suka ƙirga makonni baya baya ba yankewa, sai suka tarar da Abaija wajen farkon Oktoba. Ƙara wata 15 a kai, sai ga ka a ƙarshen Disamba ko farkon Janairu. Ga kuma kalandar Yahudawa da take bin wata, ana ƙara mata wata na 13 lokaci lokaci don ta daidaita da rana. Sannan Luka cewa ya yi "bayan kwanakin nan" Alisabatu ta yi ciki, bai ce a makon nan ba.

Hanya ɗaya ke nan ta kai mutane uku gari uku. Duk wanda ya kawo muku wannan lissafi ya ce ya gano ranar tabbas, ku tambaye shi daga ina ya fara ƙirga.

Ƙidayar da Kaisar Augustas ya umarta fa?

Luka ya ce ƙidayar nan ce ta kai Yusufu da Maryamu Baitalami. Daga Nazarat zuwa Baitalami tafiya ce ta kusan kilomita 140, kwana huɗu zuwa mako guda a ƙafa, da hawan tudu mai wuya daga Yariko idan an bi ta kwarin Urdun. Masu hankalta suna cewa hukumar da take son a yi rajista don haraji ba za ta tashi talakawa a tsakiyar ruwa da taɓo ba, haka kuma ba za ta ɗauke manoma daga gona lokacin girbi ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an kammala girbi, kafin ruwa ya sauka. Wata takardar Masar ta shekara ta 104 Miladiyya ta nuna gwamnan Roma yana umartar mutane su koma garuruwansu don ƙidaya, wanda ya yi daidai da abin da Luka ya kwatanta.

Hujja ce ta hankali, ba ta nassi ba. Ƙidayar Romawa takan ɗauki watanni, kuma Roma ba ta shahara da tausayin waɗanda take mulka ba. Luka 2:6 ma cewa ya yi suna can ne kwanakin haihuwarta suka cika, wanda zai iya nufin sun ɗan jima a garin kafin naƙuda.

Mene ne alaƙar haihuwarsa da Idin Bukkoki?

Yohanna 1:14 ya ce Kalman ya zama mutum, ya zauna a cikinmu. Kalmar da aka fassara "ya zauna" a Helenanci tana nufin ya kafa alfarwarsa, ko bukkarsa. Idin Bukkoki kuwa yana farawa ran 15 ga wata na bakwai, wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, kamar yadda Littafin Firistoci 23:34 ya tsara. Isra'ilawa sukan zauna a bukkoki kwana bakwai don tunawa da zamansu a jeji, rana ta takwas kuma a yi babban taro. Masu wannan ra'ayi suna cewa: ya mutu a Idin Ƙetarewa, Ruhu Mai Tsarki ya sauko a Fentikos, ashe ba zai dace ba a ce an haife shi a babban idi na uku? Suna ƙarawa da cewa cunkoson masu zuwa idi a Urushalima zai iya bayyana dalilin rashin wuri a masauki, kuma kaciyarsa a rana ta takwas za ta dace da ranar rufe idin.

Hoton yana da kyau ƙwarai, yana taɓa zuciyata duk lokacin da na karanta. Sai dai Yohanna yana tuna mana ne da alfarwa ta sujada, inda ɗaukakar Allah ta sauka a tsakiyar jama'arsa a zamanin Musa, shi ya sa ya bi da cewa mun ga ɗaukakarsa. Ba kwanan wata yake ba mu ba. Luka, wanda ya faɗa mana iyayen Yesu sukan je Urushalima kowace shekara a Idin Ƙetarewa, bai ambaci wani idi a labarin haihuwar ba. Ƙidaya ya ce ta kawo su.

Tauraron da masanan gabas suka gani bai nuna lokacin ba?

Bai nuna ba, domin masanan ba a daren haihuwar suka iso ba. Matiyu 2:11 ya ce a gida suka same shi. Hirudus kuma, bayan ya binciki lokacin da tauraron ya bayyana, ya sa a kashe yara maza daga mai shekara biyu zuwa ƙasa. Ga wata alamar: a rana ta 40, Maryamu ta miƙa kurciyoyi biyu ko 'yan tattabarai biyu a Haikali, hadayar da Littafin Firistoci 12:8 ya yarje wa wadda ba ta da halin ɗan rago. Da zinariyar masanan ta riga ta iso, da wuya a ce ba su da halin rago. Masu ilimin taurari sun lura cewa manyan duniyoyi biyu, Mushtari da Zuhal, sun kusanci juna sau uku a shekara ta 7 kafin Miladiyya, amma Matiyu bai ce wannan ne tauraron ba.

To daga ina 25 ga Disamba ta fito?

Wajen shekara ta 200, malamin Ikkilisiya Kilemen na Iskandariya ya rubuta cewa wasu a Masar suna sa haihuwar ran 20 ga Mayu, wasu kuma wajen 19 ko 20 ga Afrilu. Bai ambaci 25 ga Disamba ba. Shaida mafi tsufa da kowa ya amince da ita tana cikin wata kalandar birnin Roma ta shekara ta 354, wadda jerin da ke cikinta ya nuna ana kiyaye ranar tun 336.

Bayani biyu ake bayarwa. Na farko, wanda ya fi yawo a bakin mutane, shi ne Ikkilisiya ta ɗora bikinta a kan bikin Romawa na rana. A kalandarsu ta dā, 25 ga Disamba ce ranar da yini yake fara tsawo bayan ya kai iyakar gajartarsa, sarki Aureliyan kuma ya ɗaukaka bautar rana a shekara ta 274. Na biyu ya fito ne daga lissafin Kiristoci da kansu. Marubucin Kirista Tartuliyan na Kartaj, wajen shekara ta 200, ya sa gicciyewar Yesu ran 25 ga Maris. Aka kuma yi imani cewa ranar da ya mutu ita ce ranar da aka ɗauki cikinsa. Daga 25 ga Maris a ƙirga wata tara, sai 25 ga Disamba. Har yau Katolika da Angilikan suna tunawa da albishirin Jibra'ilu ga Maryamu ran 25 ga Maris.

A ganina bayani na biyu ya cancanci a ji shi fiye da yadda ake jinsa, domin lissafin 25 ga Maris ya girmi umarnin Aureliyan. A shekara ta 386, wani malamin Ikkilisiya, Yohanna Kirisostom, ya yi wa'azi a Antakiya yana kāre ranar da labarin Zakariya, sai dai ya ɗauka Zakariya babban firist ne mai hidimar Ranar Kafara, wadda take faɗuwa wajen Satumba ko Oktoba, abin da Luka bai faɗa ba. Bishop Agustin na Hippo kuma ya ga ma'ana a cikin tsarin: ana tuna haihuwar Yahaya ran 24 ga Yuni, lokacin da yini yake fara raguwa, ta Yesu kuma lokacin da yake fara ƙaruwa, daidai da faɗar Yahaya a Yohanna 3:30 cewa lalle shi ya ƙaru, ni in ragu.

Abokina Musulmi ya ce maganar dabino a Alƙur'ani ta nuna lokacin zafi ne. Haka ne?

Yana nufin Suratu Maryam, aya ta 25, inda aka ce wa Maryamu ta girgiza kututturen dabino, nunannun 'ya'ya su faɗo mata. Dabino a ƙasar Falasɗinu yana nuna ne daga wajen Agusta zuwa Oktoba, musamman a kwarin Yariko, don haka wasu suke fahimtar ayar a kan wannan lokaci. Wasu malaman tafsiri kuma sun ɗauki abin a matsayin mu'ujiza, itacen ya ba da 'ya'ya ba a lokacinsa ba. Bisharu ba su kawo labarin dabinon ba. Idan irin wannan hira ta taso, ba sai an yi zafi ba, tunda Kirista ba ya da'awar cewa nassinsa ya ce Disamba.

Kai a naka ganin, wane lokaci ne ya fi kusa?

Idan aka ce in zaɓa, zan ce ƙarshen rani na can, wajen Satumba zuwa Oktoba. Dalilina shi ne a nan ne alamu uku suke haɗuwa ba tare da an matsa musu ba: makiyaya a fili bayan girbi, tafiyar mace mai tsohon ciki kafin ruwa ya sauka, da lissafin Abaija mafi sauƙi. Disamba tana buƙatar a yi wa kowace alama bayani na musamman, ko da yake bayanan ba na banza ba ne. Amma ba zan hau bagade in yi wa'azin Satumba ba, domin abin da Allah bai rubuta ba, ba ni da ikon ɗora wa jama'arsa.

In haka ne, laifi ne yin Kirsimeti a Disamba?

Littafi Mai Tsarki bai umarci a yi bikin ba, bai kuma hana ba. Bulus ya ce a Romawa 14:5-6 wani yana ɗaukaka wata rana fiye da wata, wani kuma duk ɗaya ne a gare shi, kowa dai ya tabbata a zuciyarsa, mai kiyaye rana kuma saboda Ubangiji yake kiyayewa. Yesu ma yana Haikali a Idin Tsarkakewa, a Yohanna 10:22-23, idin da ba ya cikin Attaura, an kafa shi ne a zamanin Makabiyawa. Abin da nake roƙon iyaye da malaman makarantar Lahadi shi ne su faɗa wa yara gaskiya: ranar tunawa ce Ikkilisiya ta keɓe. Yaron da aka koya wa cewa Littafi Mai Tsarki ne ya ce 25 ga Disamba, ranar da wani ya buɗe masa Luka bai ga haka ba, zai fara shakkar sauran abin da aka koya masa.

Me ya sa wasu Kiristoci suke yin nasu bikin a Janairu?

Dalili biyu ne dabam dabam. Ikkilisiyar Rasha da ta Sabiya da Otodoks na Urushalima suna riƙe da 25 ga Disamba ne, amma a tsohuwar kalandar Yuliyas, wadda yanzu take bayan tamu da kwana 13, shi ya sa ranar take faɗuwa 7 ga Janairu. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha ma a wannan lokaci suke yi, bisa kalandarsu. Armeniyawa kuwa sun riƙe wata tsohuwar al'adar gabas, wadda take haɗa haihuwar Yesu da baftismarsa a rana ɗaya, 6 ga Janairu. Armeniyawan Urushalima suna ƙirga wannan 6 ga Janairu a tsohuwar kalanda, sai ta faɗo musu 19 ga wata. Shi ya sa a Baitalami kanta, a Majami'ar Haihuwa, sau uku ake bikin kowace shekara: 25 ga Disamba, 7 ga Janairu, da 19 ga Janairu.